Duron da Ya Ƙi Yi wa Kassimu Magana

Kassimu bai iya zama ba. Allah bai ba shi wannan ba, shi ma bai taɓa roƙa ba. Ko a masallacin Juma'a, in liman ya ja huɗuba, za ka ga gwiwarsa tana rawa, yatsunsa suna laluben abin da za su ƙwanƙwasa. Matarsa Mariama ta sha faɗin cewa shekara ashirin da huɗu suna tare, ba ta taɓa ganin ya cinye tuwo a zama ɗaya ba. Sai ya yi loma uku ya miƙe ya leƙa taga, ya je ya taɓa famfo ya ji ko yana ɗiga, sannan ya dawo ya tarar miya ta huce, ya kuma hau mita. A Mahjar, can kudancin Jidda, inda suke haya a ɗaki biyu saman wani gareji, kowa ya san shi da wannan rawar jiki. Amma abin da ya fi yin suna da shi kunnensa ne.

Ɗan Mirriya ne, nan kusa da Damagaram. Mahaifinsa ɗan ga-ruwa ne mai amalanken jaki da duro biyu, kuma a wurinsa ya gaji abin. Tsohon yakan dunƙule hannu ya bi jikin duro da ƙwanƙwasa daga sama zuwa ƙasa, inda amon ya daina ƙara ya yi nauyi, to nan ruwa ya tsaya. Kassimu ya ɗauki wannan har ya wuce uban nasa, don shi ba inda ruwa ya tsaya kaɗai yake ji ba, har moɗa nawa ya rage zai gaya maka. Matan unguwa kan leƙo su ce, "Baban Zakiyya, zo ka ji mana tukunyar gas." Sai ya je ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai, ya ce, "Kwana huɗu, in ba a dafa wake ba." A rana ta huɗu kuwa wuta ta mutu. 'Yarsa Zakiyya, haihuwar Jidda, wadda in ka yi mata Hausa za ta ji sarai amma ta ba ka amsa da Larabci, kunyar wannan baiwa take ji, don ya taɓa ƙwanƙwasa kankana goma sha ɗaya a gaban ƙawayenta kafin ya zaɓi guda.

Tun zuwansa Jidda yana saurayi, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ɗaya ne: Abdulghani, mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka, wanda kakansa ya tako daga Katsina a ƙasa don aikin hajji bai koma ba. Kassimu ke saukar da bandir, ya auna, ya share shago, ya kawo shayi. Wata goma sha ɗaya haka yake, ma'aikacin shago kamar kowane. Sai azumi ya kama ake sanin akwai wani Kassimu a Bab Makka.

Duk Ramadan Abdulghani yakan ajiye duron sobiya a ƙofar shago, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Sobiya ce fara, ta sha'ir da busasshen burodi, a jiƙa a tace, a sa sukari da kirfa da ƙanƙara. A gidansa da ke Safa ake haɗa ta, mota ta kawo bayan la'asar. Kofi ɗaya kowane mutum, ba a tambayar daga ina kake. Leburori, masu kura, masu shara, matan da ke kasa gyaɗa da goro a gefen hanya, kafin rana ta sunkuya layi ya wuce shago goma ya karya kwana.

Duron ba kullum yake zuwa daidai ba. Wata rana tatar ta yi auki, wata rana ba ta yi ba, wata rana direba ya biya ya zuba wa dangin mai gida a hanya. To a nan aikin Kassimu yake. In saura kamar minti arba'in a sha ruwa, sai ya durƙusa a gindin shuɗin duron nan na roba, ya ƙwanƙwasa, ya tura shi da gwiwa ya ji nauyinsa. Daga nan ya zaro wani jan ƙyalle daga aljihu, ya fara ƙirga layin mata, don nasu gajere ne kuma su ake fara ba, sannan ya bi na maza yana dafa kafaɗu ɗaya bayan ɗaya. Inda lissafinsa ya tsaya, nan yake ɗora ƙyallen a kafaɗar mutum. Mai ƙyalle shi ne na ƙarshe. Duk wanda ke bayansa sai ya watse tun da sauran lokaci, ya nemi shimfiɗar buɗe baki a masallaci ko wani shagon.

Ba wanda ya sa shi wannan aiki, shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma yana da dalili. Azuminsa na farko a garin nan, bai san kowa ba, ya tsaya a wani layi irin wannan fiye da awa guda, leɓensa ya tsage, yana kallon kofuna suna wucewa. Saura mutum biyu a zo kansa mai rabo ya kifa tukunya ya ce, "Halas, ta ƙare." A daidai lokacin aka kira salla. Ya tsaya a tsakiyar titi hannu wofi, yana haɗiyar busasshen yawu, ga mutane ko'ina suna kurɓa. Ƙishirwar ba ta yi masa ciwo kamar yadda aka bar shi yana sa rai ba. Ranar ya yi wa kansa alkawari cewa in ya taɓa riƙe ludayin rabo, ba mai azumin da zai yaudara.

Shekara goma sha tara yana sauke ƙyalle, kuskurensa bai taɓa wuce kofi uku ba, su ma ragowa suke yi. Har abin ya zama magana a kasuwa. Wanda ya fi kowa yayata ta shi ne Youssouf, wani dattijon mutumin Chadi mai tura kura, siriri, ga bakin tsiya. Kullum a makare yake zuwa saboda sai ya sauke kayan ƙarshe, kuma kullum sai sun yi cacar baki. Amma in wani baƙo ya yi gardama cewa duro da sauran nauyi, Youssouf ne zai ja shi gefe ya ce, "Kai, tafi abinka. In Kassimu ya ce babu, to ko Abdulghani ya leƙa ba zai ga komai ba."

A bana, ran sha bakwai ga azumi, motar ta zo ba shuɗin duro. Masu duba tsafta sun zagaya sun ce duk mai rabon abin sha ya koma mazubin ƙarfe mai murfi. Rana, 'yar Abdulghani, wadda ta karanta harkar lissafi kuma take riƙe da rabin al'amuran ubanta, ita ta sayo sabo, ta biyo motar da kanta don ta ga an kafa shi. Abu ne mai ƙyalli, gajere, mai faɗi, da famfo a ƙasa da maƙalai huɗu a murfi. Bangonsa biyu ne, da wani abu a tsakani mai riƙe sanyi.

Kassimu ya zagaya shi sau biyu kamar mai taya akuya. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa sama. Ya ƙwanƙwasa tsakiya. Ya ƙwanƙwasa ƙasa. Amo ɗaya ne tak, kurman amo, daga wuya har gindi. Ya tura shi da gwiwa, ya ji nauyi, amma bai san nawa ne na ƙarfe nawa ne na sobiya ba. 

"Ammi Kasim, kar ka ta'aba, kar ka wahalar da kanka," in ji Rana, da Hausarta mai tsalle-tsalle da ke kiran baffa ammi, tana duba lissafi a wayarta. "Ni na cika shi. Lita sittin. Kofi biyar, lita ɗaya. Ya'ani ɗari uku. Cire talatin ihtiyat, don ko-ta-kwana, ka sa ɗari biyu da saba'in. Sahal, ba wuya."

"Ɗiyata," ya ce, "wayarki ta san kumfa? Ta san guggubin da ke kwantawa a ƙasa? Ta san in tsoho ya miƙo kofi hannuna yakan yi nauyi?"

"Shi ya sa na cire talatin."

"Bon, to. Wannan bangon da kika ce biyu ne, ai cikin ya ci."

Ta yi dariya, ba ta raini ba, ta ce, "To buɗe ka gani mana, ya ammi. Maƙalai huɗu ne kawai."

Ga hanya mai sauƙi an nuna masa, kuma wallahi ya ji ta. Amma layi ya riga ya fara taruwa, mutum kusan hamsin na gaba sun zuba masa ido, suna jiran abin da suka saba gani. Kassimu ɗan mai duro, ya ɗaga murfi ya leƙa kamar kowane direba? A shekara goma sha tara bai taɓa ba. Ya ce mata sanyi zai fita, ya juya baya. Ita kuwa ta ɗaga kafaɗa ta shiga shago wurin babanta.

Daga nan jikinsa ya ƙi tsayawa wuri guda. Ya jera kofunan takarda, ya rushe, ya sake jerawa. Ya shiga bayan shago inda aka ajiye tsohon duron, an riga an fara zuba masa yankakkun ƙyallaye, ya auna tsayinsa da taƙi, ya fito ya auna sabon. Sabon ya gaza da taƙi guda da rabi. Tsohon in ya cika maƙil ɗari biyu da ashirin yake bayarwa. To ta yaya gajere mai kaurin bango zai fi shi? Faɗin bai shiga lissafinsa ba, don idonsa bai saba da faɗi ba, tsayi ya sani. Ya sake durƙusawa ya manna kunne a jikin ƙarfen, sanyi kawai ya ji. Abdulghani ya leƙo daga cikin shago ya ce, "Yalla ya Kasim, lokaci na tafiya." Ya amsa da to, bai motsa ba.

Abin da ke cin ransa guda ne: kada a kira salla da mutum tsaye a gabansa hannu wofi. In ya bi lissafin yarinya ya zarce, wa zai kalli idon mutum hamsin? Ita tana cikin shago, shi ne a bakin famfo. Sai tsoro ya yi masa lissafi. Ya ce a ransa ɗari biyu, ya sake tunawa da bangon nan, ya rage ashirin.

Ya zaro jan ƙyalle. Mata talatin da ɗaya. Ya bi layin maza yana dafa kafaɗu, leɓensa na motsi, ya wuce shagon mai turare, ya wuce mai takalma. Bai ma kai kwana ba lissafi ya cika. Ya ɗora ƙyallen a kafaɗar wani lebura mai rigar siminti. Da ya ɗaga kai, wanda ke bayan leburan daf da daf Youssouf ne, gumi ya jiƙa masa riga, yau ya yi sauri ya zo da wuri.

"Yau tun a nan?" in ji Youssouf.

"Tun a nan, tsoho."

Wasu daga baya suka fara gunaguni. Wani ya ce ai sabon duron ya fi girma, ya gani da idonsa. Youssouf ya juya musu, ya ɗaga hannu. "Kun ji dai. Ƙyalle ya sauka. Mutumin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba, ku watse tun da rana." Shi ya fara fita daga layi, yana jan ƙafa. Sauran suka bi shi, mutum saba'in ko fiye, ba wanda ya zagi kowa. Kassimu ya koma bakin famfo yana jin kamar ya sauke kaya.

Sauƙin bai daɗe ba. Hannunsa ya san yadda rabo ke tafiya: da fari sobiya kan fito da ƙarfi, in an kai rabi ta lafa, a kusa da ƙarshe sai an karkata duro. Ya ba mata. Ya ba maza hamsin. Ya kai ɗari, famfo na feshi kamar yanzu aka buɗe. Ya ce wataƙila haka sababbin suke. Ɗari da ashirin. Ɗari da hamsin. Ƙarfin ya ɗan ragu, amma ba irin raguwar da yake jira ba.  Ya fara cika kofuna har baki, har suna zuba a yatsun mutane, wai ko abin zai yi saurin ƙarewa, ka ji wauta. Yana zubawa yana leƙen kwana, ko akwai wanda ya ƙi jin maganarsa ya tsaya. Babu ko ɗaya. Sun yarda da shi ƙwarai.

Leburan mai rigar siminti ya iso, ya miƙa masa jan ƙyalle, ya karɓi kofinsa ya yi godiya. Bayansa ba kowa. Kassimu ya sa wani kofi a ƙarƙashin famfo ya murɗa, sobiya ta zubo fara sol, ba ko alamar guggubi. Ladanin masallacin kusa ya ɗaga murya, na gaba ya karɓa, kasuwa ta yi tsit sai ƙarar kurɓa.

Sai a lokacin ya ɓalle maƙalan nan huɗu, abin da ya ƙi yi ɗazu da yake da amfani. Ya ɗaga murfi. Sobiya ta kusa sulusin duro, tana ta sanyinta. Da ido ma ya san ta haura kofi tamanin. Duk wanda ya kora da ya samu, har a yi ragi.

Rana 'yar Abdulghani ta fito da dabino a hannu, ta leƙa, ta dube shi.  Ta ajiye dabinon ta fara jera kofuna a babban tiren shayin shago, shi yana cikawa. Abdulghani ya ce, "Sha ruwa tukuna, ya Kasim." Bai ko juya ba. Ya ɗauki tire ya faɗa cikin kasuwa.

Mutum mai shekara hamsin da biyu, da azumi a baki, yana sassarfa tsakanin shimfiɗu da tire a ka, yana leƙa fuskoki. Waɗansu ya gane su. Uku sun samu wuri a shimfiɗar masallaci, suka karɓa suna mamaki. Biyu suna zaune a bakin wani rufaffen shago da ruwan roba ɗaya a tsakaninsu. Da yawa sun ɓace, Bab Makka ta haɗiye su. Duk wanda ya miƙa wa sai ya ce, "A'a, ashe da saura?" Shi kuwa sai ya wuce. Wanda yake nema bai gani ba, sai da ya zaga bayan layin masu barguna, inda ake ajiye kuraye.

Youssouf na zaune a ƙasa, ya jingina da tayar kurarsa. Ƙafarsa ba ta kai shi masallaci a kan lokaci ba. A gabansa akwai ƙwallon dabino guda da robar ruwan da ta wuni a rana, ya sha rabi. Kofi ɗaya ya rage a tire. Kassimu ya durƙusa ya miƙa masa.

Tsohon ya dubi kofin, ya dubi busasshen bakin Kassimu, ya girgiza kai. "A'a. Na san wannan. Naka ne ka kawo mini. Ko ruwa ba ka sha ba, ina gani."

"Ba nawa ba ne. Karɓi."

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Ka ce babu, to babu. Ni zan sha rabon mai rabo? Sha abinka, na riga na buɗe baki."

Ya tura kofin da bayan hannu, a hankali, don kada ya zube. Kassimu ya ga cewa ba yadda za a yi tsohon nan ya sha sai ya ji gaskiya, kuma gaskiyar ita ce abin da ya zagaye kasuwa yana gudun faɗa. Zai iya cewa an ƙaro daga gida. Youssouf zai yarda, gobe ma ya ci gaba da yi masa shela.  Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ko a ranar da aka kifa masa tukunya.

"Baba Youssouf," ya ce, "akwai saura. Da yawa. Duron bai yi mini magana ba, ban ji komai ba. Yarinya ta gaya mini adadi na ƙi, ta ce in buɗe in duba na ƙi, don kada ku ga na leƙa. Tsoro na ji na yanke. Na kore ku a banza."

Youssouf ya daɗe yana kallonsa.  Can ya miƙa hannu ya karɓi kofin, ya yi bisimilla, ya sha rabi a hankali, idonsa a rufe. Ya miƙa wa Kassimu sauran, ya tsare shi da ido har sai da ya shanye.

"Da sanyi kuwa," in ji tsohon. Ya goge baki da hannun riga. "To gobe fa? In ƙyalle ya sauka, mu tafi ko mu tsaya?"

Kassimu ya laluba aljihu, ya ji ƙyallen yana nan. An tayar da iƙamar salla a masallaci, mutane na ta miƙewa suna kakkaɓe riguna. A karon farko tun la'asar gwiwarsa ta daina rawa.

"Ku tsaya," ya ce, "sai kun ga na buɗe murfi na duba."

Ya kama hannun tsohon ya tashe shi, ya ɗauki tiren a ɗaya hannun, suka nufi sahu.